Rabin Tikiti a Adaka: Ƙauran Namoda, Maraɗi da Tarihin Wa'adin Tafiya

A cikin adakar kawuna da ke Shinkafi, ƙarƙashin takardun gona da tsofaffin rasiɗan haraji, akwai wani guntun kati da bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Rabin tikitin jirgin ƙasa ne, na dawowa daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda. Kakana ne ya yanke shi, kuma bai taɓa shiga jirgi da shi ba.

Na ce, "Kawu, me ya hana shi amfani da shi, alhali ya riga ya biya?"

Ya ce, "Ɗana, kiraga ya kai, kuɗin ba su fito da wuri ba. Kafin a sallame shi wa'adin tikitin ya wuce. A bayan babbar mota ya dawo gida."

Tun ranar nake juya tambaya guda. Wa ke yanke tsawon rayuwar tikiti, kuma bisa wane dalili? Tambayar tana kama da ta ma'aikatan tasha kawai, amma lokacinta ya zo mana. Ana shimfiɗa dogo daga Kano zuwa Maraɗi. Ranar da aka buɗe shi, za a sayar da abin da ba a taɓa sayarwa ba a tarihin ƙasar nan: tikitin jirgin ƙasa mai tsallaka iyakar Najeriya. Fiye da shekara 120 da fara zirga-zirgar jirgi tsakanin Legas da Ibadan a 1901, babu layinmu ko ɗaya da ya haɗu da na maƙwabta. Saboda haka ba mu da al'adar da za mu gada a wannan fanni, sai dai mu duba tarihinmu da na wasu.

Inda dogo ya tsaya

Jirgi ya iso Kano a 1911. A ƙarshen shekarun 1920 aka fitar da reshe daga Zariya, ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya isa Ƙauran Namoda a 1929, tafiyar sama da kilomita 200. A nan ya tsaya. Sakkwato, wadda ita ce hedikwatar lardin a lokacin, ba ta ga dogo ba har yau.

Abin da ya jawo layin a fili yake: auduga da gyaɗa da fatu. Turawan mulki sun shimfiɗa dogo ne domin ya kwashi amfanin gona zuwa tashar jiragen ruwa, fasinja kuwa ɗan rakiya ne. A shekarar da layin ya isa Ƙaura ne kuma tattalin arzikin duniya ya karye, farashin amfanin gona ya faɗi ƙasa. Bayan reshen Nguru da na Idogo a 1930, ba a sake wani babban aiki ba sai layin Borno, wanda ya isa Maiduguri a 1964. Idan mai karatu ya duba taswira, zai ga rassa huɗu suna miƙa hannu wajen iyaka, Ƙaura da Nguru suna duban Nijar, Maiduguri tana duban Chadi da Kamaru, Idogo tana duban Binin, amma babu wanda ya taɓa ta.

Wannan yanki kuwa tun kafin dogo hanyar matafiya ne. Zurmi, mazaunin Sarkin Zamfara na Alibawa, tana kan hanyar da ayari ke bi tsakanin Katsina da Sakkwato. Ta nan Hugh Clapperton ya wuce a 1824, ta nan Heinrich Barth ya bi a 1853. Ita kanta Ƙaura ta samo sunanta daga Namoda, jarumin Alibawa na zamanin jihadi. Da dogo ya iso, sai tsofaffin hanyoyin suka karkato gare shi. Hanya ɗaya ta bi ta Shinkafi zuwa Isa da Sabon Birni, ɗaya ta bi ta Zurmi zuwa Jibiya, daga can sai Maraɗi. Mutumin da ya sauka a Ƙaura da niyyar shiga ƙasar Faransa, kamar yadda ake kiran Nijar a da, tikitinsa ya mutu a bakin tasha. Abin da ya rage na tafiyar, shi da jaki da raƙumi ne, daga baya kuma shi da direban babbar mota.

Yadda kwanan wata ya hau kan kati

Guntun katin kakana yana da asali. A ƙarshen shekarun 1830, wani ma'aikacin tasha a arewacin Ingila mai suna Thomas Edmondson ya gaji da rubuta tikiti da hannu. Sai ya ƙirƙiro ƙaramin kati mai lamba a jere, da wata na'ura da ke danna masa kwanan wata lokacin sayarwa. Lambar tana hana ma'aikaci cinye kuɗi. Kwanan watan yana hana fasinja shiga jirgi sau biyu da kati ɗaya. Daga wannan na'ura aka fara ƙirga wa tikiti kwana. Tsarin ya bazu cikin daular Birtaniya, kuma su kansu Ingilishi ba su daina amfani da shi a manyan layukansu ba sai 1990.

Matsala ta biyu ta taso ne da kamfanoni suka yi yawa. Idan fasinja ya biya a tashar kamfani ɗaya, ya ƙarasa tafiyarsa a jirgin wani, yaya za a raba kuɗin? A 1842 kamfanonin Ingila suka kafa ofishin haɗin gwiwa a Landan, aikinsa lissafa rabon kowa gwargwadon nisan da ya ɗauki fasinjan. Wannan shi ne tushen duk wani tikiti mai ratsa hannu biyu. Kafin a ce wa matafiyi takardarsa tana aiki a gaba, sai masu jiragen sun yarda da lissafin juna.

Tsallaka iyakar ƙasa ya fi haka wuya, domin a nan doka ma tana canzawa. A birnin Bern na Suwizalan ƙasashen Turai suka sa hannu a yarjejeniyar jigilar kaya ta dogo a 1890. Ta fasinja, wadda ake kira CIV, ba ta samu ba sai 1924. Shekara 34 ke nan tsakanin buhu da mutum. Ashe ba a Ƙaura kaɗai kaya suka riga mai kaya samun gata ba.

Wata biyu, sannan kwanaki, sannan kujera ɗaya

A ƙarƙashin wannan tsari, tikitin ƙasa da ƙasa na yau da kullum a Turai ya daɗe yana da wa'adin wata biyu. Wanda ya yanki tikiti daga Faris zuwa Rum zai iya sauka a wani gari na kan hanya, ya kwana uku ko goma, ya sake hawa wani jirgin ya ci gaba, muddin bai bar hanyar da aka rubuta masa ba kuma wata biyun ba su cika ba. Dalilin wannan sassauci yana cikin yadda ake yanke farashi. Kuɗin tafiya na nisa ne, kowace ƙasa da rabonta na kilomita. Tunda farashin Talata da na Juma'a ɗaya ne, kamfani ba ya asarar komai idan fasinja ya jinkirta. A 1972 ma aka fito da tikitin Interrail, wanda ya ba matasa damar yawo wata guda cikin ƙasashe 21.

Abu biyu suka rage wannan wa'adi. Na farko zamba: tikitin da mai dubawa ya manta bai huda ba, ana iya sake shiga da shi, kuma tsawon wa'adi yana ƙara wannan dama. Na biyu, kuma shi ne babba, kwamfuta. A 1993 kamfanin jiragen ƙasa na Faransa ya ɗauko tsarin sayar da tikiti irin na jiragen sama, inda farashi ke hawa da sauka gwargwadon yawan masu nema. Jirgin Eurostar da ya fara ratsa ƙarƙashin teku tsakanin Ingila da Faransa a 1994 ya bi wannan hanya. Da zarar kujerar safiyar Juma'a ta fi ta tsakar ranar Talata tsada, ba zai yiwu a bar fasinja ya zaɓi ranar da ya ga dama ba. Sai tikiti ya koma na jirgi ɗaya, rana ɗaya, kujera ɗaya. Buɗaɗɗen tikitin da ya rage, wa'adinsa ya sauko daga wata biyu zuwa 'yan kwanaki.

Sai dai Turawa ba su karɓe sassaucin hannu rabbana ba. Dokar Tarayyar Turai ta tanadi diyya: idan jirgi ya makara da sa'a ɗaya zuwa ƙasa da biyu, a mayar wa fasinja kashi 25 cikin 100 na kuɗinsa, idan ya kai sa'a biyu, a mayar masa rabi. An ɗaure fasinja da lokaci, an kuma ɗaure kamfani da shi. Wannan shi ne darasin farko. Gajeren wa'adi yana zama adalci ne idan mai jirgin ma yana biyan tarar saɓa nasa alkawarin.

Abin da ya faru a maƙwabta

Ba sai mun je Turai ba kafin mu ga tikiti mai tsallaka iyaka. Faransawa sun haɗa Dakar da Bamako da dogo a 1924. Layin Abidjan ya isa Bobo-Dioulasso a 1934, ya kai Wagadugu a 1954. A zamanin mulkin mallaka waɗannan tafiye-tafiye na cikin gida ne, domin hukuma ɗaya ke mulkin ɓangarorin biyu. 'Yancin kai ne ya mayar da su na ƙasa da ƙasa dare ɗaya.

Abin da ya biyo baya ya kamata kowane mai tsara jirgin Maraɗi ya sani. A watan Agusta na 1960 Tarayyar Mali, wadda ta haɗa Senegal da Sudan ta Faransa, ta wargaje. Jirgin Dakar zuwa Bamako ya daina tsallaka iyaka, kuma bai dawo ba sai 1963. Dogon yana nan lafiya, taragu suna nan, amma duk takardar da ke ɗauke da sunayen biranen biyu ta zama ta banza. Darasi na biyu ke nan: wa'adin tikitin ƙasa da ƙasa ba ya wuce wa'adin jituwar gwamnatoci biyu.

Ita Nijar labarinta ya fi kama da na Ƙaura. Layin da ya taso daga Kwatano ya tsaya a Parakou a 1936. Gyaɗar Maraɗi ta daɗe tana bin dogon Najeriya zuwa Legas, har Faransawa suka tsara jigilar motoci a shekarun 1950 domin karkatar da ita zuwa Parakou, kuma a 1959 aka kafa hukumar haɗin gwiwa ta Dahomey da Nijar domin wannan hanya. A 2016 aka ƙaddamar da wani layi mai kimanin kilomita 140 daga Yamai zuwa Dosso, amma bai zama hanyar zirga-zirgar yau da kullum ba. Ko da a ce tsofaffin layukan sun iso iyaka, da ba su haɗu ba: faɗin dogon Najeriya milimita 1,067 ne, na ƙasashen Faransa 1,000. Tazarar da ba ta kai faɗin tafin hannu ba ta isa ta sa a sauke kowa a sake lodi.

Akwai kuma misalin da ya yi aiki. Layin TAZARA, mai tsawon kilomita 1,860 daga Darussalam zuwa Kapiri Mposhi a Zambiya, wanda aka kammala a tsakiyar shekarun 1970, hukuma ɗaya ce ta ƙasashen biyu ke gudanar da shi. Inda hukuma ɗaya ce, rigimar raba kuɗi da ta sharuɗɗan tikiti tana raguwa ƙwarai.

Tafiyar Bahaushe tana da zango

Yanzu mu koma ga mai riƙe da tikitin. Tsarin jirgi ɗaya, rana ɗaya an gina shi ne a kan matafiyin da ya san ranar dawowarsa: ma'aikacin ofis, ɗalibi, mai taron kwana biyu. Bafatake bai taɓa zama irin wannan matafiyi ba. Ayarin goro da ke zuwa Gwanja yana shafe watanni, yana yada zango, yana saye yana sayarwa a hanya. Alhazan da suka bi ta ƙasa kafin jirgin sama ya yawaita sun yanka tafiyarsu gunduwa-gunduwa: dogo har inda ya ƙare a Najeriya, mota ko ƙafa ta ratsa Chadi, sannan dogon Sudan daga El Obeid, inda jirgi ya isa a 1912, zuwa gaɓar Bahar Maliya. Da yawa sun tsaya noma a hanya domin neman guziri, wasu sun shekara, wasu sun zauna ke nan. Babu wa'adin takarda da zai iya ɗaukar irin wannan tafiya.

Ɗan kasuwar yau bai yi nisa da kakansa ba. Wanda ya kai dabbobi ko hatsi kasuwar mako-mako ta Shinkafi, ko ya je Maraɗi sayo kaya, ba shi ke yanke ranar dawowa ba. Ciniki ne ke yankewa, da dillali, da ranar da mai bashi ya biya. Abin da ya sa tashar mota ta ci kasuwar dogo ba gudu kaɗai ba ne. Mota ba ta tambayar kwanan wata. Idan ka zo ka samu wuri ka shiga, idan ta cika ta tashi. Kakana ya gane haka a Zariya, da rabin tikiti a aljihu.

Ga kuma halin da ake ciki. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a Zamfara, an rufe kasuwannin mako-mako saboda matsalar 'yan bindiga. Mutumin Zurmi ko Shinkafi yana iya shirya tafiya, ya wayi gari a ce hanya ba ta biyuwa. Wanda zai bi ta Gurbin Ɓaure ya kama jirgi a Jibiya ba shi da tabbacin isa a ranar da ya so. Idan tikitinsa na mutuwa da tashin jirgi, to an ci shi tarar rashin tsaron da ba shi ya jawo ba.

Tambayoyin da ke jiran jirgin Maraɗi

A watan Janairu na 2021 gwamnatin tarayya ta sa hannu da kamfanin Mota-Engil na Fotugal kan aikin layin Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, a kan kusan dala biliyan biyu. Zai bi ta Ɗambatta, Kazaure, Daura, Mashi, Katsina da Jibiya, da faɗin dogo na zamani, milimita 1,435. Ƙauran Namoda ba ta cikin taswirar. Ga mutanen arewacin Zamfara, Jibiya ce za ta zama abin da Ƙaura ta kasance wa kakanninsu.

Samfurin da ke hannun Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya shi ne na Abuja zuwa Kaduna, wanda aka buɗe a 2016. A 2021 aka fara sayar da tikitinsa ta intanet. Bayan harin 28 ga Maris 2022, da jirgin ya dawo aiki a Disamba na shekarar, sai aka sa sharaɗin lambar shaidar zama ɗan ƙasa. Tikitin yana ɗauke da suna da rana da kujera. Akwai hujja mai ƙarfi a bayan haka, kuma ba daidai ba ne a yi watsi da ita: sanin wanda ke cikin jirgi batun rai ne, ɗaure tikiti da suna kuma yana karya kasuwar masu saye su ɓoye su sayar da tsada. Amma ɗauko wannan tsari ɗungurungum a ɗora wa layin 'yan kasuwar kan iyaka zai mayar da su tashar mota.

Ana iya riƙe suna a saki rana. Tikitin dawowa zai iya ɗaukar sunan mai shi da lambar shaidarsa, a ba shi wa'adin wata guda, ya tabbatar da kujera a tasha ko ta waya ranar da ya shirya. Kwamfutar da ta kashe dogon wa'adi a Turai ita ce kuma ke iya hana a shiga jirgi sau biyu da tikiti ɗaya, wato ta toshe ƙofar zambar da ake tsoro. Ana iya ba da damar yada zango a Katsina ko Daura ba tare da sabon biya ba. Waɗannan duk zaɓi ne na masu rubuta ƙa'ida, ba hukuncin injiniya ba.

Sauran tambayoyin sun fi ƙarfin hukumar jirgi. Da wane kuɗi za a biya, naira ko sefa, kuma idan canji ya motsa cikin wa'adin, wa zai ɗauki asarar? Wace takarda za a nema a Jibiya? Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan yankin damar zaman kwana 90 ba tare da biza ba, amma ficewar Nijar daga ƙungiyar ta tabbata a ranar 29 ga Janairu 2025. Sannan babbar tambaya: idan aka rufe iyaka fa? An rufe ta daga 1984 zuwa 1986. An rufe ta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. An sake rufe ta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, Najeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai Maris 2024. Sau uku ke nan cikin shekara 40. Tikitin da bai faɗi makomar kuɗin fasinja a irin wannan rana ba, bai gama rubutuwa ba. Ko dai a dakatar da ƙirgen wa'adin har a buɗe, ko a mayar da kuɗi a kowane ɓangaren iyakar da mutum ya maƙale.

Turai ta ɗauki shekara 34 kafin ta rubuta wa fasinja abin da ta rubuta wa kaya. Mu muna da damar rubuta namu kafin jirgin farko ya tashi, kuma waɗanda ya kamata a ji ta bakinsu su ne ƙungiyoyin 'yan kasuwar Jibiya da Maraɗi da Shinkafi, da 'yan majalisar da ke wakiltar waɗannan garuruwa. Hausawa sun ce alkawari kaya ne. Tikiti alkawari ne da aka buga wa kwanan wata, kuma har yanzu ba a yanke wanda zai ɗauki nauyinsa ba idan rana ta saɓa.

Da na mayar wa kawu katin, sai ya sake naɗe shi cikin takardar harajin ya rufe adakar. Ya tambaye ni ko jirgin da ake magana zai biyo ta Ƙaura. Na ce masa a'a, Jibiya zai bi. Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce to Allah Ya sa hanyar Zurmi ta gyaru kafin nan.